Ginin Da Ba Kwaɓi: Maginan Dutse Na Babbar Zimbabuwe

Magini a ƙasar Hausa ya tashi ne da sanin cewa kwaɓi ke riƙe bango. Tubalin ƙasa ne ko bulon siminti, sai an shimfiɗa masa laka ko kwaɓin yashi kafin a aza wani a kansa. Don haka in aka ba shi labarin wata katanga a kudancin Afirka, wadda tsayinta ya kai mita 11 a wani wurin, kaurin gindinta ya kai mita 5, kewayenta kuma kusan mita 250, aka ce masa babu ko cokali ɗaya na kwaɓi a jikinta, tambayar da za ta fara fitowa daga bakinsa ita ce: to me ya riƙe ta? Tambayar ta cancanci doguwar amsa, domin katangar ta yi wajen shekara 600 a tsaye, damina na dukanta, rana na gasa ta, kuma har gobe mutum zai bi gindinta ya ɗaga kai ya ga sahun duwatsu a jere har sama.

Wurin shi ne Babbar Zimbabuwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da garin Masvingo, kusa da tafkin Mutirikwi. Karkara ce ta manoma da masu shanu, duk inda ka juya sai tsaunuka masu sulɓin kai da falalen duwatsu a shimfiɗe. Kakannin al'ummar Shona ne suka zauna a nan, suka raya garin tun wajajen ƙarni na 11 har zuwa na 15, manyan katangun kuwa yawancinsu daga ƙarni na 13 zuwa gaba aka tayar da su. Kufan ya mamaye fili fiye da hekta 700. Akwai gine-ginen kan tsauni, akwai na cikin kwari, sannan ga babbar zagayayyiyar katangar nan da ake yawan ɗauka a hoto.

A ganina, wanda ya fara kallon wannan aiki daga katanga ya tsallake rabinsa. Rabin farko yana can kan falale, inda ake samo abin ginin.

Dutsen giranit ne, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi da toka-toka, ɗan uwan wanda muke gani a Kufena da Kwatarkwashi. Na Zimbabuwe tsoho ne ƙwarai, shekarunsa sun haura biliyan biyu da rabi. A can ƙarƙashin ƙasa ya daskare, nauyi mai yawa danne da shi. Da ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ke kansa har ya fito fili, sai ya samu sarari ya ɗan saki jiki, wannan sakin jikin kuma shi ke tsaga shi. Abin lura, tsagar ba ƙasa take nufa ba. Kwance take bi, daidai da fuskar dutsen, shi ya sa yake ɓarewa falle-falle kamar albasa. Zafin rana da sanyin dare su ci gaba daga nan. Fallayen da suka fi amfani ga magini ba su da kauri can, daga yatsa uku ne zuwa taƙi guda, samansu da ƙasansu kuma a shafe, kusan a miƙe. Ke nan dutsen da kansa ya riga ya yanke wa magini tsayin tubalinsa, ya kuma ba shi fuska biyu da ba sai ya sassaƙa ba. Duk tsarin ginin Zimbabuwe daga wannan hali na dutsen ya tsiro, kuma mutanen da suka gane halin suka gina sana'a a kansa su ne nake son a yaba wa.

Fallayen da suka ɓalle da kansu suka zubo gindin tsauni sun isa a fara. Amma tsince ba ya gina birni. An ƙiyasta cewa babbar katangar kaɗai ta ci tubalan dutse kusan miliyan ɗaya. Dole a sa dutse ya yi a yini guda abin da kan ɗauke shi shekaru aru-aru, kuma da wuta ake sa shi.

A baki dabarar ba wuya: tara itace kan falale, cinna masa wuta. Dalilin da ya sa take ci shi ne giranit ba ya saurin wucewa da zafi cikin jikinsa. In wuta ta kama a kansa, fatar sama takan ɗau zafi ta nemi buɗewa, alhali na ƙasa yana nan da sanyinsa bai motsa ba. Ga shi kuma ƙwayoyin da suka haɗu suka yi dutsen ba iri ɗaya ba ne, kowace da yadda take kumbura in ta ji wuta. Sama na ja, ƙasa na ƙi, sai tsaga ta buɗe tsakaninsu, ta bi hanyar da dama dutsen ke son bi.

Gwanintar tana wajen sanin ma'aunin wutar. In ta yi kaɗan, an ƙona itace a banza. In ta yi yawa, ko ta daɗe wuri guda, dutsen ya ƙone ke nan: launinsa ya sauya, jikinsa ya yi rauni, kana buga masa guduma ya marmashe, tubalin da aka fitar daga ciki kuwa ba zai ɗauki sahu ashirin a kansa ba. Shi ya sa ƙwararren mai wannan sana'a, duk inda ake yinta, yakan fara daga bakin falale, wurin da wata tsohuwar tsaga ta leƙo. Ya shimfiɗa wutar siririya, doguwa, ya riƙa tura ta gaba sannu a hankali da sanda, yana share tokar da ta bari. Da kunne yake aiki fiye da ido. Dutsen kan yi ƙara in ya saki, wani lokaci ƙas-ƙas, wani lokaci ɗum daga ciki. In ya ƙwanƙwasa inda wuta ta wuce, amon ne zai ba shi labari: wurin da bai rabu ba yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu da uwarsa kuwa amonsa holoƙo ne. Da haka yake bin sawun tsagar da ba ya gani, ya san inda ta tsaya, ya san inda zai matsar da garwashi. Wasu kan kwara ruwa a kan dutsen da zafinsa don su gaggauta, amma a kudancin Indiya, inda aka daɗe ana ɓare manyan fallayen giranit da wutar itace, zafin kaɗai ke yin aikin.

Wanda ya taɓa ratsa wuraren fasa dutse na hannu a gefen Abuja ko Jos, ko babban ramin Pissy a Wagadugu, ya ga ƙanwar wannan dabara. Tsofaffin tayoyi ake ƙonawa a kan dutse, hayaƙi baƙi wuluk na tashi, maza na ɓanɓara, mata da yara na zaune da ƙananan guduma suna mai da shi tsakuwa. Aiki ne mai cin ƙirji da idanu, ladansa kuma bai taka kara ya karya ba. Sai dai su tsakuwa suke nema, don haka ko dutsen ya ƙone bai ɓata musu ba. Mutanen Zimbabuwe falle suke so lafiyayye, mai kauri ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Wannan shi ya sa tasu wutar ta fi buƙatar haƙuri.

In falle ya rabu, a zura masa sanduna ta ƙarƙashi a ɗaga, sannan a shiga datsa shi. Nan ma akwai ilimi. Giranit yana da jijiya: akwai ɓangaren da yake yarda ya tsage a miƙe, akwai wanda yake gardama ya karkace. Mai datsa yakan juya fallen har ya gano wannan jijiya, ya ɗora shi kan wani dutsen, gefen da yake son cirewa yana lilo, ya bi layin da ƙananan bugu, sannan ya sauke masa mai nauyi guda. Mutanen nan maƙera ne, suna narka tama, an kuma tono kayan ƙarfe da dama a kufan. Amma farar ƙwayar nan mai ƙyalli da ke cikin giranit ta fi ƙarfen maƙera tauri, tana cinye bakinsa, saboda haka gudumar dutse mai juriya ba ta rasa aiki a irin wannan wuri. Fuskar da za ta kalli waje ita ake ɓata wa lokaci, a daddage ta har ta zauna. Wutsiyar da za ta shige cikin katanga a bar ta yadda ta fito.

Tubalin da ke fitowa ba wani ƙato ba ne, mutum ɗaya zai ɗauka. A shekarar 1552 marubucin Fotugal João de Barros ya buga labarin da ya samu daga bakin fatake, na wani gini a can cikin ƙasar zinariya da aka yi da manya-manyan duwatsu ba tare da kwaɓi ba. Maganar kwaɓi ta tabbata, ta girman duwatsu kuwa ji-ta-ji-ta ce. Ba irin ginin dalar Masar ba ne, inda ake jan dutse guda da ɗaruruwan mutane. Abin mamakin Zimbabuwe yana cikin ƙanƙantar duwatsun da yawansu, da kuma cewa kowane ɗaya sai da wani ya ɗauke shi ya juya shi a hannu, ya zaɓa masa wurin zama.

Yanzu mu dawo kan tambayar magininmu. Katangar a ido abu ɗaya ce, amma a ciki kashi uku ce: fuskar waje, fuskar ciki, da ciko a tsakaninsu. Fuskokin biyu da zaɓaɓɓun tubala ake tayar da su, sahu bisa sahu. Cikon kuwa duwatsun da ba su yi kyan fuska ba ne da ɓarɓashin datsa. A katanga mai kyau ba zuba shi ake yi ba, shimfiɗa shi ake yi kwance yana tashi tare da sahun, domin in ciko ya zauna daga baya, fuska ba ta da abin jingina. Abin da ya maye gurbin kwaɓi shi ne nauyi da kaushi. Giranit mai mita ɗaya ta kowace fuska ya haura tan biyu da rabi. Fuskar da aka tsaga kuma ba sumul take ba, ƙwayoyin wannan tubali na cizon na wancan, duk sahun da aka ƙara yana ƙara matse na ƙasa. Saboda haka magini ba ya barin dutse mai rawa. Ya aza shi, ya danna da tafin hannu, in ya motsa ya juya shi, in ya ƙi zama ya ajiye shi gefe ya ɗauko wani. Tun a tulin yake zaɓen masu kauri ɗaya, don sahu ya tafi a miƙe, kuma gwargwadon iko yana neman dutse ya hau kan biyu, kada gaɓa ta faɗa kan gaɓa ta zama tsaga daga sama har ƙasa.

Sai kuma jan ciki. Kowane sahu akan ɗan shigar da shi kaɗan fiye da na ƙarƙashinsa, ta yadda katangar na hawa tana tsukewa, fuskokin biyu suna kwantawa kan ciko maimakon su nemi faɗowa waje. A nan ne za a fahimci dalilin wannan kauri mai ban tsoro. Tubalansu gajeru ne, ba su da dogayen duwatsun da za su ratsa katanga su ɗaure fuska da fuska. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, ban ga amfanin ɓoye shi ba. Amma sun rama shi da faɗin gindi da jan ciki, kuma shekarun da katangar ta yi sun nuna lissafinsu ya fita.

Wani abin da baƙo ke saurin lura da shi shi ne rashin kusurwa. Katangun lanƙwasa suke yi, su zagaya, su karkata. Ginin da ba kwaɓi a kusurwa ya fi rauni, domin nan ne duwatsu ke da hanyar zamewa ta ɓangare biyu. Katanga mai lanƙwasa kuwa kanta take tokarewa. Har bakin ƙofofi a babbar katangar zagaye shi aka yi. Matakalar shiga ma ba daban aka gina ta aka manna ba. Sahun ƙasa na katangar ne ke ci gaba ya ratsa bakin ƙofa, kowanne ya ɗan lanƙwasa ciki fiye da na ƙasansa, sai ga matakala ta fito daga jikin bango. Duk lokacin da na kalli hoton wannan matakala sai in ji girman maginin ya ƙaru a idona, don ya warware matsaloli biyu da dabara guda, kuma abin ya fito da kyau.

Ruwa, wanda shi ne babban abokin gaban bangon ƙasa, a nan hanya aka ba shi. Yana shiga ta tsakanin duwatsu ya fita, ba ya taruwa a baya ya tura. A gindin katangun kuma an bar rariya, don ruwan da ya sauka cikin fili ya samu mafita. In ƙasa ta ɗan motsa, katangar takan motsa tare da ita, kowane dutse ya gyara zama, ba ta tsagewa gida biyu irin na bangon siminti. Inda katanga biyu suka haɗu ma ba a saƙa su cikin juna ba, wata ce ke jingina da wata. Wannan ya taimaki masu bincike daga baya, domin wadda ta jingina ita ce ƙanwa.

A kan tsauni aikin ya ɗauki wata kama. Can akwai ƙattin duwatsu da Allah Ya ajiye, wasu sun fi ɗaki girma. Maginan ba su yi yunƙurin kawar da su ba. Sun tayar da katanga daga kan falale tsirara, ta tafi ta tarar da ƙaton dutse, ta rungume shi, ta ci gaba ta bayansa. Wani wurin sun toshe rata tsakanin duwatsu biyu, wani wurin sun bar ta ta zama lungun da mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa. A kan katangar yammacin tsaunin kuma suka jera ƙananan hasumiyoyi da dogayen duwatsu a tsaye.

Ba duka katangun ne hannu ɗaya ba. Anthony Whitty, masanin zanen gine-gine da ya yi aiki a wurin a ƙarshen shekarun 1950, ya rarraba su gida-gida, ya ba kowane salo harafi. Salon da ya kira P tubalansa ba a daidaita su sosai ba, sahunsa na tafiya yana igiyar ruwa, ya ɓace, wani ya ɗauka. Salon Q shi ne na ƙwararru: tubala daddagaggu masu kai ɗaya, sahu miƙaƙƙe na tsawon mitoci, gindi a shimfiɗe, jan ciki a lissafe. Whitty ya ɗauka P ne ya riga, Q ya biyo baya. Masana na baya-bayan nan irin su Shadreck Chirikure da Innocent Pikirayi sun nuna cewa lamarin bai miƙe haka ba, an yi zamanin da ake gina salon biyu tare. Ko ma yaya ne, a jikin babbar katangar kanta ana iya bin hannun magina yana nuna. A ɓangare ɗaya gajera ce, aikinta bai kai ba. Tana zagayawa tana ƙara tsayi da kauri da tsabtar sahu, har ta kai inda ta fi ko'ina kyau.

A bayan wannan wuri mafi kyau, a cikin zagayen katangar, akwai wata babbar hasumiya ta dutse. Hanyar zuwa gare ta wani dogon lungu ne matsattse tsakanin katanga biyu masu tsayi. Ita kanta tsayinta kusan mita 10 ne, faɗin gindinta ya haura mita 5, kuma cike take da dutse tun daga ƙasa, ba ƙofa ba ɗaki. A 1929 an haƙa rami ta ƙarƙashinta, ba a sami kabari ko taska ba. Masana da yawa suna ganin siffar rumbu aka ba ta, alamar sarkin da ke ciyar da jama'a. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka tayar da ita. Kowane sahu da'ira ne da ya ɗan fi na ƙasansa ƙanƙanta. Babu kusurwar da za a ja igiya daga gare ta. In aka yi kuskuren yatsa guda a sahu na goma, kafin a kai na hamsin hasumiya ta karkace. Ba ta karkace ba.

Sun kuma yi ado, ba tare da sun bar dutse ba. Kusa da saman babbar katangar, a wani dogon sashe, akwai layi biyu na ado mai kwana-kwana, wanda aka yi da siraran fallaye a jingine da juna, aka cike ratar da 'yan duwatsu. Dutse a karkace cikin ginin da ba kwaɓi haɗari ne, don yana tura maƙwabtansa gefe. Shi ya sa suka kai shi sama, inda nauyi ba yawa, suka danne shi da 'yan sahu. Kusa da hasumiya kuma akwai inda suka ratsa farin giranit da layukan wani baƙin dutse.

Mutum zai so sanin me ya ciyar da wannan aiki. Shanu ne da hatsi da fatauci. Zinariya da hauren giwa na fita daga tudun Zimbabuwe zuwa Sofala a bakin tekun Indiya, daga nan zuwa Kilwa. A cikin kufan an tono tangaran na Sin da na Farisa da duwatsun wuya na gilashi, har da kuɗin tagulla mai ɗauke da sunan Sarkin Kilwa Hasan ɗan Sulaiman, wanda Ibn Battuta ya tarar a kan gado a 1331. Katangun ba na yaƙi ba ne, ba su kuma taɓa ɗaukar rufi ba. A cikinsu ɗakunan ƙasa ne zagayayyu masu jinka, an yi musu daɓe da yaɓe mai sulɓi. Katanga ce ta sutura da martaba, irin wadda ke raba gidan sarauta da idon mai wucewa. Ginin da ba kwaɓi kuma yana da wata fa'ida ga manomi: ba abin da zai bushe ko ya lalace in an dakata. Ana iya barinsa a tafi gona, a dawo a ɗora daga sahun da aka tsaya.

Abin takaici, an daɗe ana ƙwace wa waɗannan magina aikinsu. Bajamushe Karl Mauch da ya isa wurin a 1871 ya ɓanɓari itacen lintar wata ƙofa, ya ce ƙamshinsa irin na itacen Labanan ne, daga nan ya yanke cewa ginin na da alaƙa da Sarauniya Bilkisu. Theodore Bent a 1891 ya jingina shi ga Finikawa ko Larabawa. Richard Hall, wanda aka ba kula da wurin daga 1902, ya kwashe ƙasa mai yawa daga cikin katangun ya zubar, tare da tukwane da sauran shaidar mazauna, yana neman abin da babu. David Randall-MacIver a 1905, sannan Gertrude Caton-Thompson a 1929, sun tono sun tabbatar cewa ginin na 'yan Afirka ne. Duk da haka gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya, sunan ƙasar a lokacin, ta matsa wa masu faɗin wannan gaskiya, har Peter Garlake, babban mai duba kayan tarihi, ya bar ƙasar a 1970. Da a ce magini aka tambaya tun farko, da gardamar ba ta yi nisa ba. Baƙon da ya zo daga ƙasar da ake gini da kusurwa da saƙar bango zai taho da al'adarsa. Nan kuwa komai, daga tsayin tubali har lanƙwasar katanga, amsa ce ga wannan falale da ke kwance a gefen wurin. Sana'a ce ta mutanen da suka girma a kansa. Ƙasar ta ɗauki sunan wurin a 1980, tsuntsun dutsen da aka samu a can ya hau tutarta, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Sana'ar ba ta tsaya a gari ɗaya ba. Akwai kufai irin wannan fiye da 200 a Zimbabuwe da Botswana da Mozambik da arewacin Afirka ta Kudu. A Khami, kusa da Bulawayo, wadda ta bunƙasa daga tsakiyar ƙarni na 15, maginan sun sauya salo: maimakon katanga mai tsayuwa da ƙafarta, sai suka riƙa yi wa tudu ɗamara da dutse hawa-hawa, a gina ɗakuna a sama. A Naletale ado ya kai maƙura, iri-iri a bango guda. Mu ma muna da namu a kusa. A Sukur, kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, fadar Hidi, wato sarkin wurin, da shimfiɗaɗɗun hanyoyin hawa da matakan gonaki duk da dutse aka yi su ba kwaɓi, kuma shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta amince da shi, a 1999. Ba wanda ya koya daga wani. Dutse iri ɗaya ne ya koyar da su.

Katangar da ba kwaɓi ba ta faɗuwa farat ɗaya, sai ta yi gargaɗi. Saiwar bishiya ta shiga ta buɗa gaɓa, ko wata ciyawa mai ƙaya da ake kira lantana, wadda aka shigo da ita ta mamaye kufan Zimbabuwe, ta kafa a jikinta. Birai na bin sama suna ture duwatsu, mutane ma na hawa. Ciko ya zauna, fuska ta rabu da shi, bango ya yi ciki, wata rana cikin ya fashe. Gyaran da aka yi a zamanin mulkin mallaka, musamman wanda St Claire Wallace ya jagoranta daga 1914, ya tayar da wurare da dama amma ya sauya wa wasu kama, har ƙofofin da shaida ta nuna suna da linta aka mai da su buɗaɗɗu.

Yau hukumar gidajen tarihi ta Zimbabuwe tana da maginanta na dutse, kuma hanyar aikinsu ta bambanta. In wani sashe ya yi ciki, sai a ɗauki hotonsa, a yi wa kowane tubalin fuska alama, a sauke shi sahu-sahu ana jera shi a ƙasa bisa tsarin da yake a bango. A gyara ciko da abin da ya jawo matsalar, sannan a mai da kowane dutse mazauninsa, tsakanin maƙwabtan da ya saba da su. In asalin sahun mai igiyar ruwa ne, haka za a mai da shi, ba a miƙar da shi don a burge kowa. Siminti kuwa ba a kusantar da shi, domin zai toshe wa ruwa hanya, ya kuma ɗaure duwatsun da ya kamata su riƙa motsi, ranar da ƙasa ta ja sai sashen ya kife gaba ɗaya.